Sunan Baba na Yanka

Lahadi, bayan La'asar

Baba ya kira. Ya ce sun naɗe komar kamun kifi, kifin ya gama shan hayaƙi, sun ɗaure shi a kwalaye. Ranar Alhamis za su taso in Allah ya kai mu.

Tun bayan girbi yake Lagdo, can ƙasar Kamaru. Ya ce dam ɗin can ya fi namu na Tiga kifi, shi ya sa duk rani yake tafiya, ya dawo da faɗuwar damina ya yi shuka. Bana ya ɗan makara. Kuma bana Umma ta yi nauyi, ko sunkuyawa ba ta iyawa sosai.

Ni ke riƙe da wayar gidanmu, don ni na gama firamare, ni ke gane lamba. Sabis ba ya kamawa sai a gindin rumbu. In Baba ya kira, nan muke taruwa, ni da Umma da ƙanena Sagir. Iya kuwa, kakata, ba ta zuwa. Sai ta jawo tabarmarta kusa kamar inuwa take bi, ta kama tsintar wake. Baba ɗan farinta ne. Ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta karɓi waya sun gaisa ba. Yau da za a kashe ta ce, "Fa'iza, ki tambayi mutumin nan ko yana cin abinci." Na tambaya. Baba ya yi dariya ya ce, "Ki ce mata har na yi tumbi." Iya ta ce, "Maƙaryacin banza," tana murmushi cikin farantin wake.

Wannan ragowar littafin lissafina ne na aji shida. Ba na iya magana a gaban mutane, muryata maƙalewa take. Takarda kuwa ba ta kallona.

Alhamis, da hantsi

Sun taso. Umma ta sa na wanke masa zanen gado, na share ɗaki.

Juma'a, bayan Magariba

Ya kira da wata lamba mai tsayi, ta wani abokin tafiya, tasa ba caji. Motarsu ta tsaya a daji. Wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashinta saboda lodi ya yi yawa, ga kifi ga buhuna ga mutane a sama. Direba ya hau babur ya tafi Garwa neman ƙarfen.

Na ce, "Baba, ina kuke kwana?" Ya ce, "A masauki mai kyau, rufinsa taurari." Ruwa ya sauko musu, suka lulluɓe kwalaye da tamfol, su suka zauna a waje. Ya ce kifi ya samu ɗaki, masu kifi sun samu wanka. Sagir ya yi ta dariya har da faɗuwa.

Ya ce hanyar shinge ne a kan shinge. Don kada a riƙa sauke su ɗai-ɗai, direba ya tattara katin shaidarsu duka a leda ɗaya, shi yake nunawa.

Iya ta ce in ce masa kada ya kwana da jiƙaƙƙiyar riga. Kafin in faɗa waya ta yanke.

Lahadi, da rana

An kawo ƙarfen, bai yi daidai ba. Na wata mota ne. Direba ya koma.

Talata, bayan Azahar

An yi ruwa mai yawa a nan jiya. Da safe duk gari ya fita da sungumi. Gonarmu ce kawai ba kowa. Na wuce ta wajen da zan je ɗiban ruwa, na kauda kai.

Baba ya kira. Mutanen motar sun watse, kowa ya nemi hanyarsa. Shi ba zai bar kifi a daji ba, wahalar rani guda ce. Ya samu masu babur suna kwashe masa kwalayen kaɗan-kaɗan zuwa wani gari a bakin kogi, daga nan in an haye sai iyaka. Amma kogin ya cika, motoci ba sa shiga, sai kwale-kwale, shi ma layi ake. Ya ce, "Kin ji abin kunya, Fa'iza. Masunci yana bin layin kwale-kwale."

Yana tari. Na ce ko mura ce, ya ce hayaƙin banda ne bai gama fita ba. Muryarsa ba irin tasa ba ce. Ban faɗa wa Umma ba. Iya ta daina tsintar waken tana kallon ƙasa.

Laraba, da yamma

Bai kira ba.

Alhamis, da yamma

Bai kira ba. Na kira tasa, wata mata ta yi magana da wani yare, ina jin Faransanci ne. Na kira ta abokin tafiyar, ya ce tun a daji suka rabu, shi har ya iso Gombe.

Asabar, bayan La'asar

Baffa Wada, ƙanen Baba, ya ce ba za a bar ruwan nan ya wuce ba. Ya gama tasa gonar ya zo tamu. Shi yana sara da sungumi, ni da Sagir muna zuba masara muna rufewa da ƙafa. Sagir yana zuba da yawa, Baffa ya ce, "Kai, tuwo kake shukawa?" Layina ya karkace. Baba in ya gani zai ce maciji ne ya yi mini jagora.

Ina so ya gani ya faɗa.

Na kai waya caji wajen mai shago sau biyu yau, ko da ba ta mutu ba. Ya ce, "Yarinya, ai a cike take." Na ajiye na tafi.

Litinin, da sassafe

Baffa Wada ya tafi nemansa. Ya ce ta Mubi Baba ya saba shigowa, can zai bi. Ya hau babur zuwa Ƙafin Maiyaƙi ya nemi mota. Iya ta ƙulla masa ƙuli-ƙuli da garin kwaki, ta ƙulla wani daban ba ta ce na wa ba.

Ƙafafun Umma sun kumbura. Takalminta ba ya shiga, nawa take ja.

Talata, bayan Azahar

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Na tafi famfo na bar wayar a kan turmi. Aka kira. Umma ta ɗauka ta je gindin rumbu. Wani mutum ne da lamba mai tsayi. Ya ce akwai wani ɗan Najeriya a wajensu ba shi da lafiya, wannan lambar ce a wayarsa da suka yi mata caji, yana so a faɗa masa sunan mai wayar.

Umma ta ce, "Mai gidanmu ne." Ya ce suna. Ta ce, "Baban Fa'iza ne." Ya ce suna yake tambaya. Tun da aka kawo Umma gidan nan ba ta taɓa faɗin sunan mijinta ba, Malam take cewa. Ta ce bakinta ne ya ƙi, ta juya tana neman wanda zai faɗa. Iya tana banɗaki. Sai ta miƙa wa Sagir ta ce, "Faɗi sunan babanku." Sagir ya ce, "Baba."

Waya ta yanke.

Da na dawo na kira lambar, wani yaro ya ɗauka ya ce wayar haya ce ta bakin tasha, mutane da yawa ke kira da ita, bai san wa nake nufi ba.

Na faɗa wa Umma wata magana. Ba zan rubuta ta ba. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai yau. Ta shiga madafi ta zauna, alhali ba wuta a murhu.

Talata, bayan Magariba

Na kai mata ruwan alwala, na tsuguna na ce ta yafe mini. Ta ce, "Da ke ce kika ɗauka." Na ce, "Zai sake kira." Ta riƙe hannuna ta ɗora a cikinta. Na ji motsi. Kunya ta kama ni, amma ban janye ba.

Yana da rai dai. Mutumin bai ce ya rasu ba. Ba shi da lafiya ya ce. Na yi ta maimaita wannan.

Laraba, da hantsi

An tafi da Umma asibitin Tudun Wada. Kanta ke sarawa, idonta yana ganin duhu-duhu. Gwaggo Kaltume ta maƙwabta ce ta raka ta, ta ce za a riƙe su sai an ga yadda ta yiwu. Ba su da waya. Umma ta ce wayar ta zauna a wajena, ko wanka zan shiga in shiga da ita.

Saura ni da Iya da Sagir. Gidan ya yi faɗi.

Alhamis, bayan Azahar

Ya sake kira! Sunansa Hamman, mai shayi ne a tashar garin bakin kogi. Hausarsa wata iri, yana ce mini "kai". Ya ce, "Kai yarinya, kada ka ji tsoro, babanka yana rumfana."

Ya ba ni labari. Baba ya kwana biyu a kan kwalayensa yana jiran layi, kullum yana shan shayi a wajensa. Ran nan bai zo ba. Hamman ya je ya same shi jikinsa kamar garwashi. Ya kai shi wajen mai allura, ana yi masa, amma zazzaɓin ya hau kansa. In an tambaye shi abu sai ya yi ta maganar koma da igiya, ko ya yi shiru.

Matsalar ita ce kati. Ba kati, ba mai ɗaukarsa a mota, don a shingen farko za a sauke shi. Masu lafiya sukan bi daji a babur, shi ba zai iya ba. Hamman ya yi ta cigiya har ya samu lambar direban nan. An gyara motar, tana wani gari mai nisa da su, ledar katin tana hannunsa. Direban ya ce a faɗa masa suna ya cire ya ba wata mota ta kawo. Amma gobe bayan sallar Juma'a zai ɗauki kaya ya yi kudu, kuma in ya tafi sai bayan damina.

Na ce wannan mai sauƙi ne. Na rufe ido na ce, "Lado." Ban taɓa faɗa da bakina ba, sai a makaranta in ana kiran suna, Fa'iza Lado, ni dai na'am nake cewa.

Ya ce in jira. Can ya sake kira ya ce, "Babu Lado a leda. Shi ma haka ya gaya mini sunansa tun da ya zo. Wannan sunan gida ne. Na yanka nake so, wanda yake a kati."

Ban sani ba. Wallahi ban san Baba yana da wani suna ba.

Ya ce gobe da hantsi zai kira.

Alhamis, bayan La'asar

Wayar Baffa Wada ba ta shiga. Ina jin ya haye iyaka, layinmu ba ya aiki a can.

Na sami Iya tana ba awaki dusa. Na tsuguna na faɗa mata komai. Ta ji, ba ta katse ni ba. Na ce, "Iya, sunansa na yanka."

Ta ce, "Sunan surukina ya ci, uban mijina. Ga shi ɗan fari. Kunya biyu kike so in haɗiye lokaci guda?"

Na ce, "Ko a kunne ki raɗa mini."

Ta ce, "Gari cike da maza? Je ki dakalin Muhuyi tela, tare suka yi wasan ƙasa. Su za su faɗa miki."

Ni in je dakali. Ni da in na hango maza a zaune nake zagayawa ta bayan masallaci. Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "To ni da ke duk ɗaya, kowa da abin da ya fi ƙarfinta." Ta juya wa awaki.

Alhamis, bayan Magariba

Na je. Na sa hijabin Umma mai tsawo. Na cire takalmi daga nesa na tsuguna na gaishe su, ba wanda ya ji. Sai da Baba Muhuyi tela ya ce, "Wannan ba 'yar Lado ba ce? Matso, uwar masu kunya, ba ma cizo." Suka yi dariya. Na matso. Na faɗa ina kallon yatsun ƙafata. Sau biyu suka ce in ɗaga murya.

Da suka gane sai dariya ta ɗauke. Suka yi salati, suka yi masa addu'a. Sannan gardama ta tashi.

Baba Muhuyi ya ce, "Muhammadu ne."

Mamman mai faci ya ce, "Kai dai duk wanda ka manta sunansa Muhammadu ne. Ni na san da harafin jim ya fara."

"Da jim ko da sin? Kai da ko allo ba ka wanke ba?"

Wani tsoho ya ce, "Ku bar musu, ai sunan kakansa ya ci."

Suka ce, "To kakan wa sunansa?"

Ya shafa gemu. Ya ce, "Mu dai Sarkin Ruwa muke ce masa, tun a tsohon gari kafin ruwan dam ya cinye shi."

Liman bai daɗe da zuwa garin ba, shi ma Lado ya sani. Wanda ya yi walicci a auren Baba yana Burumburum, ba shi da waya, kuma rafin hanyar ya kawo. Baba Muhuyi ya ce da asuba zai gwada zuwa Tudun Wada ya tambayi Umma, amma ko ya je ba zai dawo kafin hantsi ba, ga taɓo. Ya rako ni har ƙofar gida yana ta buga goshinsa. Ya ce, "Shekara arba'in ina cin tuwo da mutum, ban san sunansa ba." Ya ce in gwada Muhammadu.

Na faɗa wa Iya ba su sani ba. Ta ce, "Mazan banza." Ba ta ci tuwo ba. Ni ma.

Juma'a, bayan Azahar

Rubutun yau zai yi muni.

Tun da gari ya waye nake gindin rumbu. Iya ta shimfiɗa tabarma inda ta saba, amma ba wake a gabanta, carbi ne. Da hantsi Hamman ya kira. Ya ce direba yana kan ɗaya layin, an gama yi masa lodi.

Na ce, "Muhammadu."

Ya tambaya, ya dawo ya ce, "Kai yarinya, rabin ledar Muhammadu ne. Muhammadu wa?"

Na ce ban sani ba. Na ce a duba hoto, Baba dogo ne, yana da tabo a gira. Ya ce direba ya ce hotunan duk sun koɗe, kuma shi bai riƙe fuskar kowa ba, mutum nawa yake ɗauka. Ya ce, "Babu babba a gidan?"

 Na fashe da kuka. Ina jin Hamman yana cewa alo, alo.

Ban ga tasowar Iya ba. Hannunta kawai na gani. Ta karɓi wayar da hannu biyu kamar an miƙo mata kwanon miya mai zafi. Ta kife ta a kunne, na juya mata ita daidai. Ta yi sallama, ta tambaye shi iyali, ta tambaye shi ruwa, ta yi masa godiya. Ni kuwa ina ta addu'a kada waya ta yanke. Ta ce, "Ni ce na haife shi."

Ta juya mini baya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta faɗa a hankali.

Hamman ya ce bai ji ba, sabis yana rawa.

Ta matsa jikin rumbu ta sake faɗa, da sunan mahaifinsa a haɗe. Wannan karon har matan gidan Gwaggo Kaltume sun ji ta katanga, don na ji daka ya tsaya.

Ya ce a jira. Muka jira. Iya ba ta sauke wayar ba. Can na ji muryarsa daga nesa yana cewa, "Akwai! Akwai shi!" Sannan ya ce wa Iya, "Dada, sake faɗa sau ɗaya." Iya ta ɗauka bai gama ji ba ne. Ashe wayar ya kai kunnen Baba.

Ta faɗa.

Shiru. Sai wata ƙaramar murya, kamar ta mai barci, ta ce, "Na'am, Iya."

Iya ta tsaya kamar an dasa ta. Ta miƙo mini wayar ba ta kalle ni ba, ta shige ɗakinta ta saki labule. Har yanzu ba ta fito ba. Na kai mata fura na ajiye a bakin ƙofa.

Sunan yana da daɗi. Ba Muhammadu ba ne, kuma Mamman mai faci ya fi kusa. Na so in rubuta shi a nan, na ɗora biro na ɗage. Na bar shi inda na ji shi.

Asabar, da yamma

Katin ya taso a wata motar shanu. Baba Muhuyi ya dawo daga Tudun Wada duk taɓo har gwiwa, yana kiran sunan tun daga zaure, yana murna ya samo. Sagir ya ce masa, "Ai Iya ta riga ka." Ya ce, "Iya? Wace Iyar?" Ya zauna a kan turmi ya cire hula.

Ya ce Umma da sauƙi. Ya ce da ya tambaye ta, a kunnen Gwaggo Kaltume ta raɗa, ita ta fito ta faɗa masa.

Litinin, da hantsi

Motar shanun ta wuce garin ba ta tsaya ba, direban ya manta. Katin yana wani gari a gaba. Hamman ya ce kada in damu, akwai ɗan'uwansa a can. Na tambaye shi wa ke kula masa da shayi in yana wannan zirga-zirga. Ya ce, "Shayi ba ya gudu."

Baba ya sha kunu. Ya tambayi ko an yi shuka.

Laraba, bayan La'asar

Umma ta sauka! Mace. Gwaggo Kaltume ta aiko ɗan acaɓa ya faɗa. Su biyun lafiya. Iya ta yi guɗa, rabon da in ji guɗarta na manta. Sannan ta ce, "Wata mai kunyar ta ƙaru, mun shiga uku."

Na faɗa wa Baba da kaina. Ya yi hamdala ya yi hamdala, sai Hamman ya karɓa ya ce, "Babanka wani abu ya shiga masa ido."

Kati ya iso hannunsu. Kogi ya ɗan janye.

Alhamis, da rana

Baffa Wada ya dawo shi kaɗai, ya rame, takalmi ɗaya ya tsinke. Ya zaga tashoshin wajen Mubi kaf, ashe Baba yana ta ɓangaren Yola. An sauke shi a wani shinge ya wuni a rana. Da ya ji labarin sunan ya ce, "Da kun tambaye ni kafin in tafi!" Iya ta ce, "Da ka zauna a gida ai da ka yi amfani." Ya ce ƙullin na biyun ma ya cinye a hanya. Ta ce ta sani.

Asabar, da safe

An sallamo su Umma. Jaririyar tana da dogayen yatsu. Masara ta fito, har da layina mai karkata.

Baba ya haye kogi jiya. Kifin da yawa ya yi fumfuna saboda damshi, an zubar. Mai kyan ya bar wa Hamman, Hamman ya ƙi, suka yi ta ja, a ƙarshe suka raba. Motar Yola ta yi faci sau biyu. Na daina tsorata da faci.

Litinin, bayan La'asar

Ya iso.

Babur ya tsaya a ƙofar gida, Sagir ya fita da gudu ya dawo da gudu ya ce wani tsoho ne. Baba ne. Rigarsa ta yi masa yawa, wuyansa ya fito. Kwali ɗaya ne a bayan babur da 'yar jakarsa. Na tsuguna a gabansa. Ya ɗora hannu a kaina ya ce, "An ce har dakali kika je." Na rufe fuska.

Ya leƙa ɗakin Umma, ya ɗauki jaririya ya yi mata addu'a. Umma ta ce, "Sannu da hanya, Malam," tana kallon bango. Ya ce, "Sannu da taki hanyar."

Sannan ya je ƙofar Iya ya cire takalmi ya durƙusa. Tana zaune a bakin gado, ta ba ƙofa gefe. Ya gaishe ta, ta amsa a gajarce kamar jiya suka rabu. Ya daɗe a durƙushe. Ita kuma tana ta gyara bakin mayafinta da ba abin da ya same shi.

Can ta ce, "Fa'iza."

Na ce, "Na'am."

"Ki ce wa mutumin nan ya rame. Ina tumbin?"

Baba bai ɗago ba. Ya ce, "Ki ce mata ina can wani wuri mai nisa, ban san hanya ba. Sai na ji an kira ni."

Ban faɗa ba, ai ta ji. Ta ɗauki maficinta ta jefe shi da shi, ya same shi a kafaɗa. Ta ja mayafi ta rufe fuska duka. Kafaɗunta suna motsi, ban sani ba ko dariya ce.

Daga cikin mayafin ta ce, "Tsaye kike? Ɗora masa ruwan wanka."

Na tafi hura wuta.